Rajistar manoman rani a Garun Malam: wa ke riƙe da kwafi na biyu?

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa wurin masu gyara a kasuwar Farm Centre da ke Kano ya san tambayar da akan yi masa kafin a taɓa ta: ko akwai wani abu da yake so a ciki? Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya yi wa waya filashin sai ya ji amsa, domin ya san da zarar an mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, lambobin jama'a da hotunan iyali da saƙonnin bashi duk sun tafi ke nan. Wanda bai ƙware ba kuwa, sai ya miƙo waya tana aiki fes, ya bar mai ita yana salati.

Irin wannan ta'asa ba ta tsaya a kan wayar hannu ba. Tana iya afka wa babbar kwamfutar da ake tara bayanan dubban mutane a cikinta, wadda masana ke kira saba. Sau da yawa kuma babu ɓarawo a cikin labarin, babu gobara. Wani ne mai kyakkyawar niyya aka kira ya yi gyara, ya ba na'ura umarnin da ya ɗauka saituna kaɗai zai share, ashe har da abin da ke cikin rumbun zai tafi. Zancen ya yi kama da na ma'aikatan ofisoshin birni, amma a yau ya shafi manomin tumatir na Kadawa da mai shinkafa na Kura kai tsaye, saboda abin da ke komawa cikin irin waɗannan na'urori shi ne shaidar wa ke da wace gona, wa ya biya kuɗin ruwa, wa kuma ake bi.

Gonar da iyakarta ke cikin littafi

Aikin noman rani na Kogin Kano ya dogara ne a kan madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, zamanin mulkin Audu Bako. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar magudana, ya shayar da gonaki a ƙananan hukumomin Bunkure da Garun Malam da Kura. An tsara zangon farko ya kai hekta 22,000, amma abin da aka iya gyarawa ya tsaya a wajen hekta 15,000, kuma bayan kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976 ragamar aikin ta koma hannun Gwamnatin Tarayya. Da damina shinkafa ce ke mamaye filayen, da rani kuma alkama da masara da albasa da tumatir. Daga kasuwar Kwanar Gafan ake loda kwandunan da ke ƙarewa a kasuwannin Legas, kuma saboda wannan albarka ce kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa a 2016.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne yadda aikin ya sauya ma'anar iyakar gona. Kafin zuwan katafila, iyaka aba ce da ido ke gani: jerin gamba, ko wata dorawa, ko tsohon suri, kuma dattawan unguwa sun san tarihin kowace. Da aka baje ƙasa aka yanka ta fegi-fegi domin ruwa ya samu hanya, yawancin waɗannan alamu sun gushe, aka mayar wa mutane filayensu bisa awo da lissafi, bayan an cire abin da magudanai da hanyoyi suka ci. Tun daga wannan lokaci shaidar mallaka ta fara jingina da abin da aka rubuta. Shekara hamsin ke nan. An raba gado sau biyu ko uku, an sayar, an jinginar, an ba da haya, har ya zama a fegi da yawa mai gona daban, mai noma ta a bana daban.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kimanin dala miliyan 495 domin shirin TRIMING, wanda ya shafi aikin Kogin Kano da na Kwarin Haɗeja da Bakolori a Zamfara da Rima ta Tsakiya a Sakkwato da Dadin Kowa a Gombe. Gyaran magudanai da ƙofofin ruwa shi ne abin da ido ya gani, amma ruhin shirin shi ne a miƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su tara kuɗin ruwa daga mambobinsu, su yashe laka, su sare kachalla, su raba ruwa da adalci tsakanin na kusa da bakin magudana da na can wutsiya. A watan Satumban 2024 bankin ya sake amincewa da dala miliyan 500 domin shirin SPIN, wanda ke ɗorawa a kan wannan turba.

Ƙungiyar da za ta karɓi kuɗi daga dubban mutane ba ta da jarin da ya wuce rajistarta. Ranar da rajista ta ɓace, wanda ya biya da wanda ya ƙi biya sun zama ɗaya, kuma mai gaskiya ne zai fi jin zafi, domin shi za a ce ya kawo shaida. Daga nan sai a fara zargin shugabanni da cin amana ko da ba su ci ba, kuma manomin da ya ga kuɗinsa na bara ya bi ruwa ba zai yi saurin zura hannu a aljihu a bana ba.

Rajistar manoma a Najeriya ta daɗe da barin littafi mai bango. Tun 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, aka fara raba takin gwamnati ta saƙon waya. Shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a 2015 ya zo da sharaɗin lambar BVN, yanzu kuma lambar NIN ce ake nema a kusan kowane tallafi. Ma'aikatan da ke zagaya ƙauyuka da wayoyi da ƙananan kwamfutocin hannu sukan yi amfani da manhajoji irin su ODK da KoboToolbox, kamar yadda ɓangaren lafiya na ƙasar ke tara alƙalumansa a DHIS2. Dukansu manhajoji ne masu buɗaɗɗen tushe: kowa na iya duba yadda aka rubuta su, ya girka su a tasa sabar, ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Zaɓi ne mai kyau ga ƙasar da dala ke yi wa tsada. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa abin da aka samu kyauta ba ya bukatar mai kiwo.

Darasin watan Yunin 2021

Misali mafi bayyana na ɓarnar da umarnin mayar da na'ura sabuwa ke yi ya faru ne a ƙarshen watan Yunin 2021. Kamfanin Western Digital na Amurka ya sayar wa jama'a da ƙananan ofisoshi wata ƙaramar saba mai suna My Book Live tun daga 2010. Akwati ne ɗan ƙarami da ake jona shi da intanet, mutum ya tara takardunsa da hotunansa a ciki, ya riƙa ɗaukowa daga duk inda yake. Da yawa daga masu ita sun saye ta ne domin ta zama ma'ajiyar ko-ta-kwana, amma da tafiya ta yi nisa sai ta zama ma'ajiyarsu tilo. Rana ɗaya aka wayi gari mutane a ƙasashe daban-daban suna buɗe na'urorinsu suna tarar da su wayam. Littafin da na'urar ke rubuta ayyukanta a ciki ya nuna cewa an ba ta umarnin komawa yadda ta fito daga kamfani, kuma ba masu ita ne suka ba ta ba. Daga nesa aka aiko umarnin, ta intanet.

Bincike ya gano ɓaraka biyu. Ta farko an san da ita tun 2018, amma ba a toshe ta ba, saboda kamfanin ya daina sabunta manhajar na'urar tun 2015. Ta biyu ita ce ta fi ban mamaki. A ƙa'ida, kafin na'ura ta amince ta share kanta sai ta nemi kalmar sirri. A wani gyara da aka yi wa manhajar a 2011 an kashe layukan da ke yin wannan tantancewa, da nufin mayar da aikin wani wuri, sai aka manta ba a haɗa shi yadda ya kamata ba. Shekara goma ƙofar tana buɗe ba wanda ya lura. Abin da kamfanin ya iya yi a lokacin shi ne ya shawarci kowa ya zare na'urarsa daga intanet, sannan ya yi tayin taimakawa wajen ƙoƙarin ceto bayanai da musayar na'urorin da sababbi.

Ya kamata a yi adalci a nan. Na'urar tana aiki ne a kan Linux, wadda manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, amma kuskuren yana cikin ɓangaren da kamfanin ya rubuta da kansa ya ɗora a kai. Saboda haka ba hujja ba ce ta cewa buɗaɗɗiyar manhaja ta fi hatsari. Abin da labarin ya nuna shi ne makomar na'urar da aka girka aka juya mata baya: tana ci gaba da aiki, fitilarta na walƙiya, kowa na ganin lafiya lau, alhali wanda ke da alhakin kula da ita ya daɗe da tafiya. Duk wanda ya san yadda kayan shirye-shiryen tallafi ke ƙarewa a ofisoshin ƙananan hukumomi bayan masu ba da kuɗi sun naɗe tabarmarsu, ba zai ga wannan hali baƙo ba.

Ba sai da maƙiyi ba

A labarin My Book Live akwai hannun mugu. A mafi yawan lokuta babu. Matsalar tana farawa ne daga kalmar kanta, domin abin da “mayarwa sabuwa” ke nufi ya bambanta daga wannan na'ura zuwa waccan. A wata, saituna da kalmar sirri kaɗai ke tafiya, bayanai su zauna. A wata, komai ne ke tafiya. Akwai ma na'urorin da ɗan gajeren danna maɓalli ke yin na farko, dogon dannawa ya yi na biyu. Haka abin yake a manhajojin saba. Da yawa daga cikinsu, har da sabar ODK, ana girka su ne ta wani tsari mai suna Docker. A wannan tsari akwai umarnin da ke sauke manhaja ya bar rumbun bayanai yadda yake, amma idan aka ƙara masa harafi ɗaya tak, wato “v”, sai ya haɗa da rumbun ya share. Matashin da ya kwafo umarnin daga intanet domin ya warware wata ƙaramar matsala zai iya kwafowa har da harafin, kuma na'ura ba za ta tambaye shi ko ya tabbata ba.

Lasisin da irin waɗannan manhajoji ke zuwa da shi ya faɗi ƙarara cewa an ba da su ne yadda suke, babu garanti, babu diyya. Wanda ya girka su a tasa na'urar shi ne mai ɗaukar nauyi. Ba zalunci ba ne. Sharaɗin kyautar ke nan. Sai dai ba kasafai ake karanta shi ga shugabannin da za a damƙa wa na'urar ba.

Kada kuma a ɗauka ƙwararru sun tsira. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, wanda manhajarsa ta saba ke cikin fitattun masu buɗaɗɗen tushe a duniya, yana gyara cikin dare a gajiye, ya ba da umarnin share rumbun bayanai yana zaton a kan na'urar ko-ta-kwana yake, ashe a kan uwar yake. Kafin ya farga ya tsayar, daga kimanin gigabayit 300 abin da ya rage bai kai 5 ba. Kamfanin yana da hanyoyi biyar na ajiye kwafi, amma da aka je ɗaukowa sai aka tarar babu wadda ke aiki yadda ake zato. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe da tsayawa, kuma saƙonnin gargaɗin da take aikowa ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan domin wata bukata ta daban. Duk da haka bayanan sa'o'i shidan sun salwanta, ciki har da kimanin ayyuka 5,000 da sababbin asusun mutane wajen 700. Abin yabo a gare su shi ne ba su ɓoye ba: sun wallafa cikakken bayanin kuskurensu, har aikin ceton suka nuna kai tsaye a YouTube.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, in ji Hausawa, shafa wa naka ruwa. Najeriya ma ta ɗanɗana abin da sakaci da saba ke jawowa. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara bayan an gano cewa rashin sabunta wasu sabobi ya lalata sakamakon ɗalibai 379,997, aka sake musu jarrabawa. Ɗalibi na iya sake zama jarrabawa. Rasidin kuɗin ruwan shekara uku da suka wuce kuwa, babu yadda za a sake zaman biyansa.

Yadda abin zai iya kasancewa a Kadawa

A ƙaddara ofishin wata ƙungiyar masu amfani da ruwa da aka bar wa kwamfuta ɗaya, a cikinta akwai sunayen mambobi da lambobin fegi da girman kowane da tarihin biya. Masanin da ya girka ta kwantiraginsa ya ƙare, ya koma Abuja ko Kaduna, kalmar sirrin mai kula da na'urar kuma tana cikin kansa. Ana cikin aiki aka ɗauke wuta, wata rana na'ura ta ƙi tashi. Wannan ba abin mamaki ba ne a yankin da ya kwashe kwanaki cikin duhu a watan Oktoban 2024 sakamakon lalacewar manyan layukan lantarki da ke kawo wuta Arewa, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara. Yankewar wuta a daidai lokacin da rumbun bayanai ke rubutu na iya hargitsa shi. Sakatare na son fitar da jerin waɗanda ake bi kafin a buɗe ruwan rani, sai a kira wani yaro mai shagon kwamfuta daga Kura. Abin da aka ce masa shi ne na'ura ta ƙi aiki, kuma hanyar da ya sani mafi sauri ita ce ya share ya sake girkawa. Kafin la'asar na'ura ta tashi, an biya shi ladansa, an yi masa godiya. Sai washegari a gane abin da ya faru.

A wannan misali babu mugu ko ɗaya, kuma zai zama zalunci a ɗora wa yaron laifi. Laifin yana wurin tsarin da ya bar kwafi ɗaya tilo a na'ura ɗaya, bai kuma rubuta wa kowa abin da ba a taɓawa ba.

Akwai wani lokaci mai hatsari da ba a cika lura da shi ba, wato lokacin miƙa kaya. Idan shiri ya zo ƙarshe, ko ma'aikaci zai bar aiki, al'ada ce a share wayoyi da kwamfutoci kafin a ba wani, kuma daidai ne, domin bai kamata lambobin NIN da BVN na manoma su bi na'ura zuwa hannun baƙo ba. Amma manhajar tattara bayanai irin ta ODK tana riƙe fom ɗin da aka cike a cikin waya har sai an samu intanet an tura. Idan aka share wayar alhali akwai fom ɗin da bai tafi ba, aikin makonni a ƙauyukan da sabis ke wahala ya zama ba a yi ba. A wayoyin Android na yanzu kuma babu komawa, domin bayanan a kulle suke da mabuɗin sirri, sharewar kuma mabuɗin take fara hallakawa. A tsohon faifan kwamfuta mai juyawa akan yi dace: wasu daga masu My Book Live sun ceto wani ɓangare na kayansu da manhajar PhotoRec. Sharaɗin shi ne a kashe na'urar nan take, kada a rubuta komai a kanta. Abin takaici, abin da akan fara yi ke nan: a hau sake shigar da sunaye, a binne abin da ya rage.

Takarda ba mafita ba ce, amma tana da gurbi

Wasu dattawa za su ce dama sun faɗa, a koma wa littafi. Suna da hujja, amma ba cikakkiya ba. Gara na cin takarda, ruwan sama na jiƙa ta, kuma a ranar 1 ga Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, ɓata-gari sun kutsa harabar Babbar Kotun Jihar Kano, gwamnatin jihar ta kuma bayyana cewa an kwashe takardun shari'o'i. Littafi ɗaya a kabad ɗaya da faifai ɗaya a kwamfuta ɗaya duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Manomi ya fi kowa sanin wannan, shi ya sa ba ya haɗa irin shuka da hatsin ci a wuri guda.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi ba ta da wuya: kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Abubuwa biyu da suka faru a baya-bayan nan sun nuna amfanin wannan “wuri daban”. A watan Mayun 2024 wani kuskuren saiti a kamfanin Google ya share ma'ajiyar asusun fansho na UniSuper da ke Ostireliya, mai mambobi sama da 600,000. Sun yi kusan mako biyu cikin wahala, amma sun farfaɗo, kuma cikin abin da ya taimake su akwai kwafin da suka ajiye a wajen wani kamfani dabam. A watan Satumban 2025 kuwa gobara ta tashi a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ta cinye ma'ajiyar ma'aikatan gwamnati mai ɗauke da kimanin terabayit 858, wadda ba a yi mata kwafi ba bisa hujjar cewa ta yi girma da yawa.

Ƙungiyoyin Garun Malam da Bunkure da Kura ba su da wannan uzuri. Rajistar manoma, ko da sunaye dubu hamsin ce, ba ta cika ƙaramin filas ɗin da ake ratayawa a makulli ba. Ana iya ajiye kwafi a ofishin ƙungiya, wani a ofishin hukumar kogunan, wani a ma'ajiyar intanet, a kuma kulle kowane da kalmar sirri, tunda yawan kwafi na ƙara yawan ƙofofin da bayanan mutane za su iya fita. Sannan a ƙarshen kowane zangon noma a buga jerin a takarda, a karanta a taron mambobi, a bar kwafi wurin dagaci. Wannan na ƙarshe yana da fa'idar da ta wuce tsaro: rajistar da aka karanta a bainar jama'a tana da wuyar sauyawa a ɓoye. Domin kuwa dole a faɗi gaskiya, a ƙasar da aka sha jin gobara ta tashi a ofishin akawu daidai lokacin bincike, “kwamfuta ta share” na iya zama sabuwar mafakar mai almundahana. Kwafin da ke hannun wasu daban shi ne ke kare shugaba mai gaskiya daga zargi, ya kuma toshe wa maras gaskiya hanya.

Darasin GitLab ya ƙara sharaɗi guda: kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, zato ne kawai. Sau ɗaya a zango ya kamata a ɗauki kwafin a buɗe shi a wata na'ura, a nemo sunan wani manomi, a ga ko biyansa na ƙarshe na nan.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya kare su daga ɓacewa ko lalacewa ko da bisa kuskure ne, ba daga sata kaɗai ba. Idan kuma aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan, akwai wajibcin sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72. Tambayar da doka ba za ta amsa da kanta ba ita ce wa ke riƙe da bayanan a tsarin da ya haɗa ma'aikatar tarayya da hukumar koguna da ofishin shiri da ɗan kwangila da ƙungiyar manoma. Inda masu gida suka yi yawa, kowa na zaton wani ne ya kulle ƙofa.

A nan ne shirin SPIN da hukumar kogunan ke da damar da ba ta da tsada. Rancen da aka ciwo bashi ne a wuyan 'yan ƙasa, kuma wani ɓangare nasa kan tafi ne wajen awon gonaki da ƙirga manoma. Idan kowane sabon shiri sai ya sake wannan aiki daga farko saboda na baya bai bar abin da za a iya buɗewa ba, to an biya kuɗin abu ɗaya sau biyu. Takardar miƙa aiki ga ƙungiya takan lissafa ƙofofin ruwa da tsawon magudanai da kujeru da babura. Ya dace ta ƙunshi sunan mutum biyu da suka san kalmar sirrin mai kula da saba, da wurin da kowane kwafi yake, da ranar da aka gwada shi na ƙarshe, da lambar wanda za a kira kafin a bar kowa ya taɓa na'urar. A cikin kuɗin ruwan da ake warewa domin yashe laka kuma, a ware wani ɗan kaso na batirin da zai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta da ladan matashin da aka horar, ɗan yankin, wanda ba zai koma Abuja ba idan kwantiragi ya ƙare.